A Rediyo Ya Ji

Duk shekarun da tsohon koci ya yi yana ciyo wa ƙungiyarsa kofuna, bai taɓa sallamar ɗan wasa ta waya ba. Har gida yake zuwa, ya faɗa masa ido da ido, ya zauna da shi sai zuciyarsa ta yi sanyi.

Shi kuwa a rediyo ya ji an sallame shi.

Ya shirya tsaf, ya zauna a falo yana jiran shugabannin ƙungiyar.

"Maigida, ba fa za su zo ba," in ji matarsa.

Can da yamma aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wani gola ne da kocin ya sallama tuntuni, har ya yi furfura. Suka gaisa, ya cire takalmi, ya zauna kusa da shi. Sai a lokacin hawaye suka zubo wa koci.