Rakiyar Firenze

"Ko birgima za ki yi ba zan riƙe miki hannu ba!" Nannina ta ɗaga murya daga barandarta, har mai tallan kifi a lungun ya ɗago kai. "Shekara da shekaru ruwan shanyarki na ɗiga a kan tawa, sai yau kika san ni maƙwabciya ce?"

Titina ta leƙo daga benen sama, tsohuwa mai ciwon gwiwa da bakin tsiya. "Wa ya roƙe ki? Fadan cocinmu ne ya ce duk mai dogara sanda sai da 'yar rakiya. Da ina da wata, ko kallo kin ishe ni?"

Cocin unguwarsu a birnin Napoli ne ya shirya yawon buɗe ido zuwa birnin Firenze, a tafi Asabar a dawo Lahadi. Mijin Titina ya yi mata alkawari tun tana amarya zai kai ta ta ga tsohuwar gadar nan mai shagunan zinariya, har ya mutu bai cika ba. 'Ya'yanta suna Jamus. Duk gidan Nannina kaɗai ce mai zuwa, in ta ƙi, an bar Titina ke nan.

Haka aka yi ta tsara tafiyar ta baranda, da baƙar magana.

"Da safe babban coci, da rana gada," in ji Titina.

"Da wace ƙafar? Ko goya ki zan yi?"

"Ke da ko Roma ba ki sani ba!"

"Sai ki tafi da wanda ya sani."

Alhali tun ran Laraba Nannina ta je ta ce wa Fada ya ajiye musu kujera biyu a gaba, kusa da ƙofa. Amma ta gaya wa Titina? Allah ya kiyaye! A bar ta ta ɗanɗana tukuna, ita ma ta san zafin jira.

Asabar da sassafe Nannina ta hau benen tana haki tana mita. Ƙofa a buɗe. Ga Titina zaune a kujera ta ci ado, an gyara gashi, jaka a cinya, fuskarta na kallon matakala.

"Tashi, uwar iyayi, mota na jira."

Ta fizgo hannunta, ta ji shi sanyi ƙalau.

"Ke!" Muryar Nannina ta karye. "Wane irin wulaƙanci ne wannan? Na gaya wa Fada tun Laraba! Kina ji na? Tun Laraba na yarda, muguwa kawai!"

Baƙin ciki ya kama ta, don matar nan ta bar duniya ba ta sani ba, kuma babu mai gaya mata.

Can ƙasa direba ya danna ham, ya sake dannawa, mata na ƙwala wa Nannina kira. Ba ta leƙa ba. Ta durƙusa da ƙyar ta cire wa Titina takalmi. Sabo ne fil, ƙasansa ko ƙura babu. Ta jera shi a gefen kujerar.