Maƙabartar Gandun Rake

A tsakiyar gulbin da ya ratsa ƙasar Kebbe akwai wani tsibiri da ake kira Gandun Rake. Can aka haifi Marka. Kakanninta bayin gandu ne, iyayenta kuma suka ci gaba da yi wa gidan iyayengijin noma, har shekarar da ambaliya ta kori kowa zuwa tudu. Tun daga lokacin ba ta sake taka wurin ba.

Tsufa ya same ta a Tambuwal, gidan 'yarta Batula, malamar asibiti. Wata safiya sai ga Alhaji Abdulkarimu ya yi sallama. Jikan masu gandun ne. Bayan ya yi ritaya ya sa aka yi gada zuwa tsibirin, yana gina gidajen hutawa da masu hali daga Sakkwato ke saye.

"Inna, magina sun tono ƙashin mutum," ya ce. "Na tsai da aiki. An ce ke kaɗai kika rage cikin waɗanda suka san inda maƙabarta take."

"Ubana na can, da ƙannena," in ji Marka. "Wanga wuri ba ni mance shi."

Suka tafi cikin motarsa, Batula na riƙe da ita saboda gargadar hanya. Da suka haye gada, Marka ta ga gidaje masu fenti jere, da furanni, da tankin ruwa a sama. Giginyar da take shirin kwatance da ita an sare ta, bakin gulbin ma ya sauya. Ta nufi gabas, ta dawo, ta sake zagayawa har ƙafafunta suka gaji.

"Alhaji," ta ce a hankali, "ban gane ba."

Kunya ta kama ta, kamar ita ta zubar da mamatan.

"A gidanmu labarin yawan mazarƙwailar da ake fitarwa daga nan muka tashi da shi," in ji Alhaji. "Ba wanda ya taɓa gaya mini sunan mai noman."

Sai Marka ta zauna bisa wani bulo ta fara kiran sunayensu: ubanta Ɗangiwa, da Tambaya mai dafa ruwan rake, da Atu wanda maciji ya sara ranar girbi. Wasu sunayen da ƙyar suka zo mata.

Tunda ba a gane iyakar kaburburan ba, Alhaji ya sa aka katange arewacin tsibirin gaba ɗaya, inda aka tono ƙashin, aka mai da shi aka yi addu'a. Masu jiran sayen gidaje a wurin suka yi ta ƙorafi, Alhaji bai janye ba.

Da damina Batula ta sake kai ta. Ciyawa ta rufe cikin katangar, yara na tseren keke a sabon titi. Wata mata daga sababbin gidajen ta kawo wa Marka ruwa da kujera, ta tambaye ta ko baƙuwar wa ce.

"Wurin mutanena na zo," in ji Marka.

Ta zauna nan har aka kira sallar la'asar.