Hannun Hagu a Kan Wuya

A mayanka babu wanda bai san yadda Gatari yake yanka ba. Sauran mahauta da an kayar da sa sai su danna wuƙa, jini ya yi tsartuwa, su wuce na gaba. Shi kuwa sai ya ɗora tafin hannunsa na hagu a wuyan dabbar, ya jira numfashinta ya lafa, ya ce a hankali, "Ubangiji, ran nan naka ne, ba nawa ba." Sannan ya yanka sau ɗaya tak. Abokan aiki suna tsokanarsa wai ko saniya sai ta sha wa'azi kafin ta mutu. Shekara ashirin da biyu ke nan yana haka, tun da aka yi masa baftisma ya rabu da giya da faɗa. Sunan ne kawai ya ƙi barinsa, don a da in ya sauke wa mutum hannu sai dai a kwashe shi.

Ranar Talata da hantsi yana cikin fiɗa, jini har gwiwar hannu, sai ga matarsa. Ba ta taɓa taka wurin ba, ƙarni tayar mata da zuciya yake yi. Mace ce mai kunya, ko dariya za ta yi sai ta rufe baki saboda giɓin da ke gabanta. Yau ba ta rufe komai ba.

"Maigida, zo gida. Auta ce."

Auta ita ce 'yarsu ta ƙarshe, bara ta auri wani makanike. Ya tarar da ita kwance a tsakar ɗaki. Ido ɗaya ya rufe ruf, leɓe ya tsage, hannun dama ya lanƙwashe a inda hannu ba ya lanƙwashewa. Ga ciki wata biyar.

"Shi ne?"

"Da sifana, Baba," ta ce da kyar. "Wai na taɓa masa waya."

Gatari bai yi ihu ba, kuma wannan ne ya fi tsorata matarsa. Ta ga wuƙar aiki na nan a kube a ƙugunsa, ta yi maza ta tare ƙofa.

"Asibiti za mu kai ta. Don girman Allah ajiye abin nan."

Ya ɗauke ta cak ya ajiye gefe kamar kujera. Yana fita ya ji ta ce, "To, na miƙa ka hannun Yesu." Bai waiwaya ba.

Garejin na bayan tasha, ƙasa baƙa ƙirin da man juye. Surukin yana ƙarƙashin wata tsohuwar mota, ƙafafunsa kaɗai ke waje, har da fito yake yi, mara kunya. Gatari ya kama ƙafafun ya fizgo shi, bayansa ya gurji tsakuwa.

"Baba, tsaya in yi maka bayani!"

Bayanin kuwa da sifana ya zo. Surukin ya kai wa Gatari duka a goshi, fata ta dare, jini ya rufe masa ido. Gatari ya sunkuce shi ya maka a kan motar, gilashi ya tarwatse. Ya sake ɗaga shi ya fyaɗa da ƙasa, ya naushe shi a baki har sau uku, ya danne masa ƙirji da gwiwa. Sauran makanikai sun taso da ƙarafa, amma da suka ga wuƙa ta fito daga kube, kowa ya tuna yana da iyali.

Daga nan hannunsa ya yi abin da ya saba. Bai sa shi ba. Tafin hagu ya sauka a wuyan saurayin, ya tsaya yana jiran numfashi ya lafa. Jijiya na bugawa fat-fat a ƙarƙashin yatsunsa. Kafin ya ankara baki ma ya bi hannu.

"Ubangiji, ran nan naka ne, ba nawa..."

Sai ya ji abin da ya faɗa.

Bai ji wani sanyi a zuciya ba, kada a yi wa kowa ƙarya. Haushi ya ji, haushin Allah kansa. Ina kake lokacin da yake karya mata hannu? In na bar maka shi, me za ka yi masa? Ya dubi ƙasa. Sai jinin goshinsa da ke ɗiga a fuskar yaron, da fitsarin da yaron ya saki a wando. Hannun dama yana son ya gama aiki. Gatari ya daɗe a haka yana huci, sannan ya mayar da wuƙar kube da kyar, kamar ta fi ƙarfinsa nauyi.

"Tashi," ya ce. "Ba naka ba ne ran, ba nawa ba ne. Amma hannun da ka karya, za ka amsa."

Ya riƙe masa wuyan riga ya ja shi a ƙafa ta tsakiyar titi har ofishin 'yan sanda. Ya faɗi abin da surukin ya yi, ya faɗi abin da shi ma ya yi, bai rage ko naushi ɗaya ba.

Da la'asar aka yi masa ɗinki shida a goshi. An ɗaure hannun Auta, likita ta ce zuciyar jaririn na bugawa. Ya zauna a benci kusa da matarsa, jini ya bushe a rigarsa, na dabba da na mutum.

"Ba za ta koma gidan nan ba," ya ce.

"Ko da wasa."

"Saura kaɗan in yanka shi, Maman Auta. Wallahi ban san abin da ya riƙe ni ba. Addu'ar nan tawa ce ta kufce min."

"Taka?" Ta juyo ta dube shi. Ta sa yatsa ta taɓa giɓin bakinta. "Ranar da ka cire min haƙoran nan, ina da cikin Auta, yayana ya zo da adda. Kana kwance a bakin ƙofa a buge, ba ka san inda kanka yake ba. Ya ɗaga addar. Na faɗa kanka, na sa hannu na rufe maka wuya, na yi ta faɗa ina kuka, Ubangiji, ran nan naka ne, ba namu ba. Har ya gaji ya tafi. A ina kake tsammani ka samo ta?"

Gatari ya dubi giɓin. Shekara ashirin da biyu tana rufe baki in za ta yi dariya, bai taɓa tambayar abin da ya faru bayan ya faɗi a ranar ba.

Ya kai hannun hagu ya taɓa wuyansa, sai ya fashe da kuka a gaban mutane.