Dinyoyin Likita

Shekarar da wutar banda ta kama ɗankwalin Hajo ta cinye mata gashin rabin kai, a shekarar ne wani Bature likitan dabbobi ya sauka a barikin Haɗeja yana neman mai kama masa dinya da rai. Aka nuna masa mijinta Bunu, masunci, wanda ya san fadama ciki da bai.

Bunu ya kawo dinyoyi, aka yi musu keji a bakin kogi, aka bar masa kiwonsu. Tafintan likita ya ce Baturen so yake ya gano yadda gashi ke sake fitowa. Jin haka Bunu ya kasa zama wuri ɗaya. Ya riƙe tsuntsayen, likita ya fige wa kowace gefen fiffike, wasu ya bar su haka, wasu kuma ya bi gurbin gashin da ƙarfe mai zafi.

Tun daga ranar Bunu ya rage zuwa kamun kifi. Sai ya tura jirgi ya yi nisa, ya juyo tun bai jefa taru ba, ya zo ya ɗaga fikafikai yana leƙe. A gida kuwa kullum sai ya sa Hajo ta kwance kai, ya shafa mata man kaɗanya a tabon, ya juya ta wajen haske ko zai ga tsiro.

Kafin ruwa ya janye, waɗanda aka fige kawai suka tofo, tsinke-tsinke masu jini a ciki. Waɗanda aka ƙona kuwa fatarsu ta warke sumul tana sheƙi. Likita ya yi ta murna yana auna su. Bunu ya sa tafinta ya tambaye shi yaushe na waɗanda aka ƙona za su fito.

"Ya ce ba za su fito ba. Wuta ta kashe saiwar."

Bunu ya daɗe yana zagaya kasuwa kafin ya shiga gida. Ya tarar da Hajo tana farke kifi, ya gaya mata daga tsaye.

"Ai na sani tun da ɓawon ya faɗi," in ji ta. "Don hankalinka ya kwanta nake miƙo maka kan. Zauna ka ci abinci."

Ya zauna, ya kai loma biyu, ya miƙe. Wai ya ji labarin wani wanzami a Miga mai maganin fito da gashi, kuma in ya tafi yanzu zai isa kafin la'asar.