Marayun Ɗakin Ƙasa

Ni na fara ganin abin, tun masu tabarau suna ta shan iska a ofisoshinsu. Ranar da wani baƙo mai jaka a kafaɗa ya sauko ɗakin ƙasa na laburaren jami'a, ya tsaya yana auna bango da ido, ko kallon littattafan bai yi ba, na ce a raina, to, wannan ɗakin ya yi masa kyau, abin da ke ciki ne bai yi masa ba. Na faɗa wa mai gadi, ya yi dariya. Na faɗa wa masu shara, suka ce Baba na Ƙasa ya fara ruɗewa.

Baba na Ƙasa, haka suke kirana, don ni ke riƙe da makullin ɗakin. Ban yi boko ba, ko sunana ban iya rubutawa ba, amma babu littafin da ya shigo ginin nan bai hau kaina ba. Na ga zamanin kati a akwatin katako, na ga zuwan kwamfutar farko, na ga shugabanni sun zo da kumbura sun tafi a sace. Shekarar da ruwa ya cika ɗakin ƙasa har ƙirji, kowa ya tsaya a matakala yana salati, ni na tuɓe riga na shiga. Da kaina na yi ta fito da littattafan har ƙafata ta daina jin sanyi. Tarin da nake yi har yau, can na samo shi.

Ba a jima ba aka tara ma'aikata duka a babban zaure. Shugaba, mace ce mai magana a hankali amma ba ta maimaitawa, ta ce za a yi ƙaura. Wai manhajar kwamfuta da ke riƙe da sunayen littattafai ta tsufa, masu ita sun daina gyara ta, dole a kwashe komai zuwa sabuwa kafin ɗalibai su dawo hutu. Littattafai ba za su motsa ba, sunayensu ne za su tashi. Ta nuna baƙon nan mai jaka, ta ce injiniya ne. Ta kuma ce 'yar ƙanwata, wadda ke sashen rajistar littattafai, ita za ta jagoranci aikin. Na gyara hula, na dubi mai gadi, don ya san jinin wa ke gudana a can.

Sai Injiniya ya tashi ya yi ta zuba, har ya zo kan wata kalma. Ya ce, "Marayu dai ba za su bi mu ba. Sabuwar manhaja ba ta karɓarsu."

Na ɗaga hannu. "Waɗanne marayu, ɗan nan?"

Aka fashe da dariya. 'Yar ƙanwata ta yi mini alama da ido in bari. Da aka watse ta ja ni gefe.

"Kawu, kalmar aiki ce kawai. Kowane littafi yana da lamba, kuma yana da uba, wato shafin da ke ɗauke da sunansa da sunan wanda ya rubuta shi. Wanda ke da lamba babu uba, shi ne maraya."

"Suna ina?"

Ta kalli ƙasa. Ƙasan ma da gaske. Nawa ne, na ɗakin ƙasa. Waɗanda na tsamo daga ruwa, katinsu ya narke tun a lokacin, aka buga musu lamba aka ce za a dawo kansu, ba a dawo ba. Da waɗanda iyalan malamai ke kawowa idan maigida ya rasu.

"In ba su bi ku ba fa?"

"Abin da ba ya cikin manhaja, ba na laburare ba ne, Kawu. Za a kwashe su daga ginin. Ɗakin ma na'urori za a zuba a ciki."

Ni maraya ne. Lokacin da gidanmu ya tashi ina ƙarami, a saman kaya aka ɗora ni, ba wanda ya ce a bar ni a kango don ba ni da uba. Aka raba mu gida-gida, kowa ya shige cikin 'ya'yan wasu, muka girma. Abin da na sani ke nan game da marayu, kuma shi na yi.

Kullum da safe kafin a buɗe ƙofa, sai in cika kwali in hau da shi sama. In na ga kanta mai ɗan sarari, in duba tsayi, in duba launi, in cusa maraya tsakanin masu uba. Dogo da dogaye, mai baƙin bango da masu baƙin bango. Wallahi ko uwarsu ba za ta gane baƙo ba. Gwiwata ta kumbura, ban fasa ba. Na ce in ayari ya tashi, ai ba a tsayawa tambayar kowa ɗan wane ne.

Ranar gwaji ta zo. Suna da wata 'yar bindiga mai jan haske, a ɗora ta kan lamba ta yi ƙara ɗaya, sunan littafi ya fito. Suka fara bi kanta-kanta. Tit, tit, tit, sai ta yi wani kuka daban. Gaba kaɗan ta sake. Kafin rana ta take, bindigar ta koma kamar akuyar da aka raba da ɗanta. Lissafin sama bai zo daidai da na kwamfuta ba, ba wanda ya san dalili, Injiniya ya ce ba zai kwashe komai a haka ba, sai an sake bin ginin gaba ɗaya. Ga hutu ya kusa ƙarewa.

Shugaba ta kira 'yar ƙanwata a gaban kowa. "Kin sa hannu kin ce kantocin nan sun daidaita. Me zan gaya wa hukumar jami'a?"

Ban jira yarinyar nan ta buɗe baki ba. Na ajiye kwalin da ke kaina a tsakiyar zaure.

"Ranki ya daɗe, aikina ne. Ni na hau da su, kuma da kun ba ni sati guda da na ƙarasa."

"Baba, ka san abin da ka yi kuwa?"

"Na sani sarai. Kun ce za ku tashi ku bar marayu a kango."

Injiniya ya dafe kai. "Baba, sunan kawai ne! Ba mutane ba ne!"

"To wa ya aike ku ku sa musu shi? Da tarkace kuka ce, da ban wahalar da gwiwata ba."

Ba wanda ya yi dariya wannan karon. Shugaba ta ce ko ta so, babu lokacin da za a zauna a rubuta wa kowane littafi uba. 'Yar ƙanwata, ba ta ko kalle ni ba, ta tambayi Injiniya ko za a iya yi musu uba ɗaya su duka. Ya ɗan yi tunani, ya ce manhaja za ta karɓa, amma duk wanda ya nemi ɗaya daga cikinsu da sunansa ba zai same shi ba, layi ɗaya ne kawai zai nuna akwai su. Shugaba ta ce a yi hakan, a wuce wurin.

Haka aka yi. Ma'aikata suka yi ta tsince su daga kantoci suna hararata. Aka yi ƙaura a makare, 'yar ƙanwata ta sha takardar gargaɗi, har yau gaisuwarta "ina kwana Kawu" ce ta wuce, ba ta tsayawa. Ɗakin ƙasa kuwa an karɓi makullin, na'urori ne ke gurnani a ciki cikin sanyin da littattafai ba su taɓa samu ba. Marayuna suna cikin kwalaye a ƙarƙashin matakala, jikin bangon da ke tsattsafo. Ba a kwashe su daga ginin ba, wannan ni na hana, a rubuta a ajiye. Amma ba mai zuwa nemansu, don ba wanda ya san sunan da zai kira. Duk lokacin da na tambayi yaushe za a raɗa musu suna, sai a ce in an samu sarari.

Jiya na ɗaga kwalin ƙasa, gindinsa ya zube a hannuna. Gara ta shiga. Na gaya wa Shugaba, ta ce a manhaja dai suna nan lafiya. Ni kuwa na ce damina ɗaya ta rage musu, kuma ranar da suka ƙare ba wanda zai iya faɗin abin da aka rasa. Wanda ya ce tsufa ne ke sa ni surutu, ya sauko matakalar nan, ya zaɓi kwalin da ransa ke so, ya tura hannu har ƙasa, sannan ya dube ni cikin ido ya ce ƙarya nake.