Injin Gogo Rahmatu

Ranar da motar Dutsin-Ma ta sauke injin niƙa a ƙofar gidan Gogo Rahmatu, ko tuwo ba a tuƙa ba a garin. Mata suka bar tukwane bisa murhu, maza suka baro gonakin gyaɗa, kowa na son ganin ƙarfen da aka ce zai hutar da dutsen niƙa. Bara aka samu mulkin kai, kuma a wannan yanki na ƙasar Kurfi ba wanda ya taɓa ganin irin wannan inji.

Gogo Rahmatu ɗiyar tsohon sarkin garin ce, gwaggon Sarki Ilu mai ci yanzu, ita ce ma ta goye shi. Ita ke shiga tsakanin fada da cikin gida, ba a suna ba a biki sai ta tsara. Ga ta kuma 'yar kasuwa ta gasken gaske, man gyaɗarta da ƙuli-ƙulinta har Tamawa da Kuki ake nema. Don wannan inji ta kaɗa shanunta kasuwa, ta haɗa da mundayen azurfar da ta gada. Ba ta bar wa kanta komai ba, sai murna da ke neman fasa mata ƙirji.

Labaran makanike yana cikin ɗaure bel ɗin injin, wani bafade ya iso a guje, yana haki.

"Gogo, Sarki na tafe! Ya ce sai ya gani da idonai."

Nan take murnar ta koma ciki. A gidan sarautar nan, in sarki ya dubi abinka ya yaba a gaban jama'a, sai ka durƙusa ka ce nasa ne, ba ja. Wa ya fi Gogo sanin haka? Ita ce ke zungurar talaka da gwiwar hannu in ya yi jinkirin faɗa. Dawakai nawa, raguna nawa ta sa aka ja zuwa fada tana tafe tana guɗa! Yau ga layi ya zo kanta, kuma wallahi ba ta ji daɗinsa ba ko kaɗan.

"Labaran, rufe shi da tabarma!"

"Gogo, wace tabarma za ta rufe wanga abu?"

"To tada shi. Ya yi ƙara, ya yi hayaƙi, duk iya muninsa ya fiddo shi waje!"

Labaran ya kama hannun injin ya yi ta juyawa. Ƙarfen ya yi tari, ya sake tari, sai ya ɗauka: tu-tu-tu-tu! Ƙasa ta yi rawa, awaki suka tsinke, wata tsohuwa ta yar da ƙwarya tana salati. Amma hayaƙin bai daɗe ba ya washe, injin ya daidaita murya, koren fentinsa na walƙiya a rana. Ɗan banza, sai ma ya ƙara kyau.

Jama'a suka dare, Sarki Ilu ya shigo. Gogo ta zube ta yi gaisuwa, tun bai amsa ba ta fara.

"Ranka shi daɗe, kada ka matso. Ƙazamin abu ne, ga wari, ga shan mai, ga hana barci. Cutata aka yi."

Sarki bai ko saurare ta ba. Ya zagaya injin, ya sake zagayawa. Ya ɗebi soyayyar gyaɗa da hannunsa ya zuba a mazubi, ya sunkuya yana kallon yadda take fitowa luƙui, tana naso. Idanunsa suka yi ƙyalli, sak irin na ranar da ta saya masa jakinsa na farko. Gogo ta san wannan kallo.

"Kai!" in ji Sarki. "Wanga abu..."

Fadawa suka cika ƙirji da iska, suna jiran su amsa. Gogo ta riga ta dafa ƙasa, kalmar "naka ne" na bakinta, ɗaci kamar maɗaci. Za ta faɗa, don ba za ta kunyata gidan ubanta a gaban talakawa ba. Sarki ya juyo ya dube ta, tsohuwa durƙushe cikin ƙura, ta kasa ɗaga ido. Ya gyara amawali.

"Gogo, tunda nike ban taɓa ganin mummunan abu irin wanga ba. Mi ya kai ki? Ki riƙe kayanki, kada in gan shi ko kusa da fada."

"Mummuna ne!" fadawa suka ɗauka. "Sarki ya ce mummuna ne! Allah shi raba mu da shi!"

Gogo ta miƙe, ta kama hanci ta rangaɗa guɗar da ta danne ƙarar injin, hawaye na bin kumatunta. Mata suka taya ta, gari ya ɗauka gaba ɗaya. Ba a taɓa zagin kayan mutum ya yi farin ciki haka ba.

Sarki ya kai bakin zaure, ya waiwayo, ya rage murya yadda ita kaɗai za ta ji.

"Gogo, gobe in an watse, za ki bar ni in juya hannun injin?"