Sha Biyu Nake Nema

…to sai me, in ban jira ka ba? Ƙwan ne za su jira? "Kar ki taɓa komai sai na dawo." Haka ka ce a waya, Baban yara, kana tauna wani abu. Akwatin wutar injin ƙyanƙyasa ya ƙone tun safe, ƙwaina suna hucewa, kai kuma sai jibi.

Na gwanjo na sayo, eh. Ga shi a kan tabarma, duk tsatsa, kamar an tono shi daga bola. Mai gwanjon har da dariya: "Hajiya, ki kai wa mai gyara, wannan ba tukunya ba ce." Uhm. Na dai ƙyale shi.

Mitar gwada wuta ta ce volt sha biyar yake bayarwa. Injin sha biyu yake so. In na haɗa haka fankar injin ta ƙone, shi ke nan an gama da ni.

Ina ɗan sukurun nan na rage wuta yake… gefen wayoyi, Baba mahaifina ya ce kullum nan suke ɓoye shi. Ga shi. Shuɗi, ƙanƙane, ko ƙwayar wake ta fi shi. Baba da warin dalma a rigarsa, rediyoyin mutane jibge har rufi, ni ina riƙe masa fitila — "Hannu ɗaya, 'yar nan, ɗayan ki ɓoye a baya, wuta ba ta san 'yar gida ba." Kai ba ka taɓa tambayata abin da na koya a shagon Baba ba. Ko sau ɗaya.

Juya kaɗan. Sha shida? Wayyo — baya, baya! Tsaya mana.

Kiwon kaji wasan yara ne, ko? A gaban ƙannenka ka faɗa, suka kwashe da dariya, ni ina zuba muku ruwan wanke hannu. Na yi murmushi. Wallahi na yi murmushi, har yau abin na cina.

Sha huɗu… sha uku da rabi… sukundireban ya zame. Gumi a ido, ba hannun sharewa. In wuta ta ja ni fa? Su tarar da ni a nan, zani a karkace, ka ce ai ka faɗa? A'a. Wannan daɗin ba za ka ji shi ba.

A hankali, kamar cire ƙaya… sha biyu da ɗigo ɗaya. Sha biyu.

Zauna nan, sukuru. Kar ka motsa, don Allah.

Kashe. Wayoyi: ja a kan ja, baƙi a kan baƙi. Bismillah. Kunna.

Fanka ta ɗauka! Ji ta, ji ta — ba hayaƙi, ba ƙauri. Ni na yi. Ni. Bari in kira ka ka ji ƙararta da kunnenka… a'a, ba zan kira ba.

In taɓa ƙwai ɗaya dai. Sanyi. Wannan ma. Na tsakiyan nan… da ɗan ɗumi, ko tafin hannuna ne? Na kara a kunne, shiru. To me nake jira in ji? Ba mitar da za ta gaya mini ko akwai mai rai a ciki. Sai dai in rufe, in zauna.

Na rufe.